Zuwa ga aminina a Ikko, kan batun tsohon jirgin nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya fara ja a fadama, masu shinkafa sun shiga yanka, ni kuwa kwale-kwale sun taru a bakin gaɓa suna jiran gyara kafin masunta su koma. Ciyawar kachalla dai tana nan tana cinye mana hanyoyin ruwa daga nan Auyo har can wajen Guri. Tsofaffi na cewa kafin a gama madatsar Tiga a 1974 kogin Haɗeja kan ƙafe da rani, ciyawar ta mutu. Yanzu ruwa ba ya yankewa, ita ma ta samu wurin zama.

Hotunan da ka turo sun iso, na kuma saurari saƙonka har sau biyu don dariya. Wato maigidanka ya sayi jirgin ruwan da ya girme ka, ya miƙa maka makulli, ya ce tunda kai bakanike ne ka mai da shi sabo. To, Allah ya ba da sa'a. Na ga irinsa da yawa lokacin da nake aikin faiba a can, wato ƙera jikin jirgi da zaren gilashi da ruwan roba mai daskarewa, waɗanda aka ƙera a shekarun 1970 da 1980, masu jigo ɗaya, wato dogon sandan da ke tsaye a kan jirgi, da filafilan zane biyu masu kama iska da ɗan injin dizal a ƙarƙashin matakala. Kada shekarunsa su tsorata ka. Faibar wancan zamani kauri gare ta. Kuma ai ka san kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Yobe, na maɗaci, wanda aka ce ya kai shekara 8,000. Naku jariri ne.

Jerin sayayyar da maigida ya rubuta maka ne ya dame ni. Firiji, sababbin katifu, fitilu masu launi, allon nuna hanya mai tsada, har da na'urar kiɗa. Ban ga ko abu ɗaya a ciki da zai hana ruwa shiga ba. Ka lallaɓa shi, cikin ladabi, ku ajiye takardar nan tukuna, a fara fitar da jirgin tudu a ga cikinsa.

In an ɗora shi, ka ƙirga duk ramin da aka huda a jikinsa ƙasa da layin ruwa. Akwai na shigar ruwan sanyaya inji, akwai na bayan gida, akwai na wurin wanke kwano, kowanne da bawul ɗinsa. Waɗannan su ke nutsar da jirgi yana ɗaure a tasha, dare ɗaya, ba tare da ko iska ta kaɗa ba. Ka murɗa kowane bawul da hannunka. Wanda ya ƙi motsi a cire shi. Ka ɗan kankare jikin ƙarfen da wuƙa: in ka ga ya koma ja-ja mai haske maimakon ruwan tagulla, gishiri ya tsotse tutiyar da ke cikinsa, ya zama gaggautsa, bugu ɗaya zai karye. Tiyon da ya bushe ya tsattsage a canza shi, a ɗaure bakinsa da maɗauri biyu. Kusa da kowane rami kuma ka rataya ɗan turken katako mai tsini da igiya, wanda za a buga a toshe in abu ya faru. Wannan kai da kanka za ka fere shi, ba sai an sayo ba.

Sai ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi saman jirgin kana ƙwanƙwasawa, kamar yadda ake gwada tukunya a kasuwa kafin a biya. Saman nan faiba ce sama da ƙasa, da katako mara nauyi a tsakani. Duk inda aka ɗaura wani ƙarfe da noti, in abin liƙin ya tsufa, ruwan sama na bi ta nan ya ruɓar da katakon, daga waje kuwa fenti na ta sheƙi. Wuri mai lafiya zai amsa maka da ƙara tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Ka fi mai da hankali a gindin jigo da wuraren da wayoyin da ke riƙe shi suka kama jikin jirgi. Su ma wayoyin, masu sana'ar kan canza su bayan shekara 10 zuwa 15 ko da ido bai ga komai ba, domin ƙarfen da ba ya tsatsa a fili yakan ci daga ciki, inda iska ba ta kaiwa. In ba wanda ya san ranar da aka sa su, ka ɗauka lokacinsu ya wuce. Jigo in ya faɗo ba ya sallama.

A ƙasa za ka tarar da dalma ko baƙin ƙarfe mai nauyi da ke hana iska kifar da jirgin. In da manyan notoci aka ɗaure shi, ka ɗaga katakon daɓe ka duba kawunansu, ka kuma duba ta waje ko akwai tsaga mai zubar da ruwan tsatsa. Ƙurajen da na hango a hoto na uku, ruwa ne ya ratsa fatar faibar ya taru. In ƙanana ne a fasa su, a wanke, a bar su su bushe sosai, sannan a cike. Hunturu mai zuwa zai taimake ku, ko da yake na Ikko ba ya kai namu bushewa. Bayan nan sai fentin ƙasa mai jan ƙarfe a ciki, wanda ke hana gansakuka da ƙananan ƙwanso mannewa, da ƴan dunƙulen tutiya a sandar farfela don gishiri ya ci su ya ƙyale farfelar. In sun cinye rabi a sa sababbi, kuma kada yaranka su shafa musu fenti don kwalliya.

Inji fanninka ne, ba zan koya wa ɗan Sarkin ruwa iyo ba. Abu biyu kawai da mota ba ta saba maka da su ba. Ƴar farfelar roba da ke jawo ruwan sanyaya inji takan gutsuttsure, don haka a riƙa ajiye wata a akwati. Tankin da ya daɗe a ajiye kuma yakan tara ruwa da baƙin dauɗa a ƙasa, sai igiyar ruwa ta girgiza shi su toshe matata a daidai lokacin da ake bukatar injin, wajen shiga bakin tasha. A wanke tankin tun yanzu.

Tukunyar gas ɗin da na gani a cikin ɗakin girki, don Allah a fitar da ita. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta, ba ƙofar da zai fita. Wurinta waje, a akwatin da ke da mafita zuwa wajen jirgi.

Filafilan ka shimfiɗa su a ƙasa ka ja ɗinkin da farce. Rana ta fi cin zare kafin ta ci zanen, kuma mai ɗinkin tamfol na ƙwarai zai iya bi ya sake, in an ba shi zaren da ya dace. Sarƙar anka a zaro ta duka a duba, har ƙarshen da ke ɗaure a ciki. Famfon kwashe ruwa na batir yana da kyau, amma a samu na hannu da bokiti mai ƙarfi. Sola kam ban hana ba, ita ce abu ɗaya da zan ƙara a jerin maigida da farin ciki.

Rigunan ruwa kuma a saya daidai yawan mutanen da za su hau, har da na yara. Tun abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ba na sakin kwale-kwalen da na gyara sai na yi wa mai shi wannan magana. Wasu su ji, wasu su ce ai su a ruwa aka haife su. Fasinjan ai ba a ruwa aka haife shi ba.

Ni nan aikina bai wuce auduga da kwalta da ƙusa da fallen gwangwani ba, sai katakon maɗaci da ya yi tsada har mun koma lallaɓa abin da ya samu. In ka samu hanya, ka aiko min da galan ɗaya na ruwan faiba da mahaɗinsa da ƴan yadi na zaren, ta hannun direbobin da ke zuwa Haɗeja. Akwai wani kwale-kwale da nake so in gwada lulluɓe ƙasansa in gani ko zai kama. Kuɗin sai ka faɗa min.

Ka turo hoton notocin ƙasan nan da zarar kun ɗaga daɓen. Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran atamfar da ka yi mata alkawari. A gaida mutanen gida duka.

Wassalam,
Naka, amininka.