Direban da aka sake kamawa a buge: abin da ke jiransa a kotu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani lamari da iyalai a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara ke shiga cikinsa a makance, wato batun direban da aka kama karo na biyu yana tuƙi cikin maye. Abin da aka saba gani shi ne dangi su bazama neman wanda ya san wani, a yi ta "a rufa asiri", har ranar zaman kotu ta zo babu ko mutum ɗaya a gidan da ya karanta takardar tuhuma.

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta sa iyaka: barasar da ke cikin jinin direba kada ta wuce giram 0.5 a kowace lita. Wanda ya wuce haka, ko maye ya hana shi sarrafa mota, dokar ta tanadar masa tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun, sannan a ɗora makin laifi 5 a kan lasisinsa. Direbobi a tasha tarar kawai suka haddace, kuma da gaskiyarsu su raina ta, kuɗin da ko rabin tankin mota ba zai cika ba. Sun manta da ɗaurin. Mai laifin farko yakan samu zaɓin biyan tara. Wanda ya dawo kuwa ya ba alƙali dalilin hana shi wannan zaɓi, da dalilin dakatar da lasisinsa. Ga mai ɗaukar fasinja daga Gusau zuwa Funtuwa, dakatar da lasisi rufe tukunyar gidansa ne.

A Zamfara akwai ƙari. Tun watan Janairun 2000 da dokar laifuka ta Shari'a ta fara aiki, Musulmin da aka tabbatar ya sha giya haddinsa bulala 80. Laifin sha daban yake da laifin tuƙi, don haka biyan tarar 'yan Kiyaye Haɗurra ba ya goge shi. A mazhabar Malikiyya ana tabbatar da sha ta iƙrari, ko shaidar adilai biyu da suka ga shan ko suka ji warin giya a bakin mutum. Wanda ya yi iƙrari yana iya janyewa, amma janyewar ba ta amfani idan shaidun wari na tsaye.

Yawancin shari'o'in nan a daren kamu ake faɗuwa. Mutum kansa bai gama warwarewa ba, a miƙo masa biro, ya rubuta "kwalba ɗaya kawai na sha" yana zaton ya rage wa kansa laifi, alhali ya kammala wa mai gabatar da ƙara aikinsa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya gana da lauya, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. In ba ya jin Turanci, sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta a kotu, kuma kada ya sa hannu a kan abin da ba a karanta masa da Hausa ba.

Sai na'urar hura iska, wadda ake sa direba ya hura don a auna barasar da ke jikinsa. Lauyan da ya san aikinsa ba zai ɓata lokaci yana rantsuwa cewa wanda yake karewa mutumin kirki ne ba, zai bi na'urar ne da tambayoyi. Yaushe aka yi mata saiti na ƙarshe, ina takardar? Wa ya yi gwajin, an horar da shi? An jira minti 15 zuwa 20 kafin a ce ya hura? Wannan jira yana da dalili: ragowar barasa a baki, ko daga maganin kurkure baki, ko daga gyatsa, tana iya ɗaga lambar sama da abin da ke cikin jini. An maimaita gwajin? An rubuta lokacin kamu da lokacin gwaji? Idan na'urar ta fitar da sakamako a takarda, lauya zai nemi a cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kafin kotu ta karɓa. Nauyin tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba yana wuyan mai ƙara. Sai dai kada direba ya ruɗi kansa. Ko kotu ta yi watsi da sakamakon na'ura, jami'in da ya ga mota tana tangaɗi a kan titi, ya ga direba ya sauko yana layi, harshe ya karye, shaidarsa tana da nauyi.

Kalmar "karo na biyu" ita ma sai an tabbatar da ita. Ɗan sanda ya ce "mun san shi, ba yau ya fara ba", wannan ba hujja ba ce. Dokar Shaida ba ta yarda a yi amfani da mugun halin mutum na baya a tabbatar da laifin yau ba. Tsohon hukunci yana shigowa ne bayan an same shi da laifi, lokacin yanke horo, kuma da takardar kotun da ta yanke shi. A nan ne "sasantawa" a bakin titi take cutar da mu duka. Direban da aka kama sau huɗu aka sallame shi sau huɗu ba tare da rubutu ba, ranar da ya banke ɗan acaɓa a kan hanyar Tsafe, a idon kotu sabon shiga ne.

Akwai kariyar da mutane ke zuwa da ita wadda ba ta tsayawa. "Ban san inda kaina yake ba" ba uzuri ba ne, sai in an ɗura wa mutum abin ba da saninsa ba ko bisa tilas. "Na yi barci, na sha shayi mai kauri, na ci goro" ita ma haka. Hanta ce ke ƙone barasa, a hankali take yi, wanka da ruwan sanyi ba ya sa ta sauri, shi ya sa wanda ya sha da yawa cikin dare yana iya faɗuwa gwaji bayan Asuba.

Idan hujja ta yi ƙarfi, amsa laifi da wuri da roƙon sassauci sun fi musun banza. Amma roƙon mai maimaici ba "ina da mata biyu da 'ya'ya tara" ba ne, alƙali ya ji wannan a karon farko. Abin da ke motsa shi takardar asibiti ce da ke nuna mutum ya fara jinyar shaye-shaye, da shaidar ya biya wanda ya yi wa ɓarna, da wani babba daga ƙungiyar direbobi da zai tsaya masa. Wanda bai gamsu da hukuncin majistare ba ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu cikin kwana 30.

In an rasa rai, magana ta canza gaba ɗaya. Dokar 2007 ta tanadi ɗauri har shekara bakwai ga wanda tuƙin gangancinsa ya kashe mutum, ga kuma diyya a Shari'a da azumin kaffara wata biyu a jere.

Ga hukumomi, Malam Edita, wani giɓi nake so a duba. A jihar da aka hana sayar da giya, maye da yawa a tashoshinmu na tiramadol ne, da kodin, da wiwi, kuma na'urar hura iska ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu. Sai gwaji irin na fitsari ko na jini, a kan lokaci. Ya kamata kotun tafi-da-gidanka ta riƙa fita da ma'aikacin lafiya da jami'in NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma kowane hukunci da ta yanke a shigar da shi kan lambar lasisin direba a ranar, yadda majistaren Gummi zai ga abin da na Gusau ya yanke.

Naka,
Wani lauya, Gusau, Jihar Zamfara.