Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Dokokin Motocin Lantarki da Sana'armu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobin ƙungiya, masu sayen motocin gwanjo a Amurka suna aikawa gida.

A bana babu abin da ya ci mana lokacin zama kamar dambarwar tilasta sayar da motocin da ba sa fitar da hayaƙi. Daga Kalifoniya maganar ta samo asali. A Agustan 2022 jihar ta ƙayyade cewa kashi 35 cikin ɗari na sababbin motoci ƙirar 2026 su zama irin waɗannan, adadin ya kai kashi 68 a 2030, ya cika ɗari bisa ɗari a 2035. Dokar tarayya ta tsaftar iska ta ba sauran jihohi damar bin sahunta, kuma wasu sun bi, har da New York da Maryland.

Wasu kuwa suka ce ba da su ba. Kwamitinmu na bibiyar dokoki ya yi wa mambobi bayanin dokar Ohio, wadda Gwamna Mike DeWine ya sa wa hannu a Disamban 2023, ta hana hukumomin jihar taƙaita sayar da mota saboda irin makamashin da take amfani da shi. Virginia ta janye daga tsarin Kalifoniya a ƙarshen 2024. Sannan a ranar 12 ga Yunin bana Shugaba Trump ya sa hannu kan ƙudurorin majalisa da suka soke izinin da gwamnatin tarayya ta ba Kalifoniya na aiwatar da wannan tsari, ita ma a ranar ta garzaya kotu tare da wasu jihohi goma. Rangwamen harajin dala 7,500 na sabuwar motar lantarki, da na dala 4,000 na ta hannu, duk sun ƙare ranar 30 ga Satumba.

Mun ji masu cewa wannan bai shafe mu ba, tunda ba sababbi muke saye ba. Gaskiya ba mu yarda ba. Motar da aka fitar daga kamfani yau ita ce za mu tarar a filin gwanjo nan da wasu shekaru, ita ce kuma za ta sauka Kwatano ko Legas ta wuce Kano da Maraɗi. Idan jihohi suka rabu gida biyu, kayan gwanjon ma za su rabu. Wanda bai san jihar da zai nemi motar fetur ba, ko yadda ake gwada lafiyar batir kafin ya yi tayi, shi zai kwasa.

Shi ya sa muka shirya bita kan duba batirin motoci masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda masu saye a gida suka fara tambaya tun bayan cire tallafin mai a Najeriya a 2023. Halartar ba ta kai yadda muka so ba, kuma abin ya dame mu.

Asusun taimakon juna ya tallafa wa waɗanda kayansu suka maƙale a tashar jiragen ruwa. Baɗi za mu ci gaba da bibiyar shari'ar, mu kuma maimaita bitar. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a tuntuɓi ma'aji kafin babban taro.