Edita, ba ragbi ba ne, kuma ba ƙwallaye 90 aka ci ba

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina rubuto maka ne daga birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, inda nake aiki a wani gidan kula da tsofaffi shekara shida ke nan. Ƙanena ne ya ɗauki hoton shafinku na wasanni na makon jiya ya turo mini ta WhatsApp, yana ta dariya, wai in gaya masa wane irin gola ne aka ɗura wa ƙwallo 90 bai gudu ya bar musu filin ba. Can ƙasan shafin kun sa ɗan labari mai layi huɗu, cewa Collingwood ta ɗauki kofin ragbi na Ostireliya bayan ta zura wa Brisbane Lions ƙwallaye 90, ita kuma ta rama 86. Na ji daɗi da kuka tuna da mu, ko da a lungun shafi ne. Sai dai wasan ba ragbi ba ne, babu gola a cikinsa sam, kuma ƙwallaye 12 kacal Collingwood ta ci. Brisbane da ta sha kaye ma ta fi ta, don 13 ta ci. Na san wannan zai ƙara ɗaure wa mai karatu kai, saboda haka ka ba ni fili in warware.

Sunan wasan ƙwallon ƙafar Ostireliya, nasu ne na gida, a nan Melbon aka rubuta dokokinsa na farko a 1859, kuma su "futi" suke ce masa a taƙaice. Filin ba mai kusurwa huɗu ba ne, zagayayye ne mai siffar ƙwai, filin kurket ne ma asalinsa, kuma ya fi na ƙwallon ƙafarmu girma nesa ba kusa ba. Mutum 18 ne a kowane gefe. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu a tsaye, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a gefe, babu raga, babu ƙarfen sama. Idan ka buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen ba wanda ya taɓa ta, ka ci maki shida. Idan ta kauce ta bi tsakanin doguwa da gajera, ko ta daki doguwar sanda, ko wani ya taɓa ta kafin ta wuce, maki ɗaya ne. Ni ladan ƙoƙari nake kiran wannan makin. To Collingwood ta ci manya 12, wato 72, da ƙanana 18, ya kama 90. Brisbane manya 13, wato 78, da ƙanana 8, ya kama 86. Shi ya sa jaridun nan suke rubuta sakamakon haka: 12.18 (90) da 13.8 (86).

Ni ma da na zo raina wasan na yi. Na taso a Zariya ina kallon ƙwallon Ingila a gidan kallo, sai ga ni gaban talabijin ana nuna ƙarti da riguna marasa hannu suna turmushe juna, babu satar gida, babu jan kati, alƙalin gefe yana juya wa fili baya ya wurgo ƙwallo ta saman kansa, wani kuma a tsakanin sanduna yana kaɗa fararen tutoci. Na ce wannan ai kokawa ce aka jefa wa ƙwallo. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne a ce mutum ya ɓarar da ƙwallo a gaban gida, a kuma ba shi maki. Wadda ta cire mini wannan rainin wata tsohuwa ce a wurin aikinmu, mai shekara 87, da nake kira Kaka, ita kuma ta saba har tana amsawa. A unguwar Collingwood ta nan Melbon aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin kamfanin takalma ne. Ranar da na yi wa makin nan ɗaya ba'a a gabanta, sai ta ajiye cokalinta ta dube ni, ta ce a 1966 da maki ɗayan nan St Kilda ta ƙwace musu kofi, 74 da 73, kuma har yau idan ta ji sunan Barry Breen, wanda ya buga ta, abinci fita kanta yake yi. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ranar Asabar 30 ga Satumba, 2023 aka yi wasan ƙarshen da kuka ba da labari, a MCG, babban filin wasan Melbon, gaban mutum 100,024. Jihar Biktoriya hutu take bayarwa ranar Juma'ar da ke gabansa, a zaga da 'yan wasan ƙungiyoyin biyu cikin gari a motoci. Tikiti kuwa sai mai uwa a gindin murhu. Ni ko tunaninsa ban yi ba, domin abokan aikina 'yan ƙasa tun watan Agusta suka yi rububin neman hutun ranar, aikin rana ya faɗo kan mu baƙi. Da ƙarfe biyu da rabi aka take wasa, lokacin a gida biyar da rabi ne na asuba, kuna dawowa daga masallaci. Muka turo kekunan tsofaffi zuwa falo muka jera su gaban talabijin. Ana zafi ranar, amma Kaka ta ce sai an naɗa mata mayafinta na ulu mai baƙi da fari a wuya, wanda gefensa duk ya zare. Na ce Kaka za ki yi gumi. Ta ce da shi ta ga kofin 1990 da na 2010, in kuwa na cire shi aka yi rashin nasara, ni ne sila.

A ɗaya gefen falon akwai wani dattijo da ba ya yawan magana, shi kuma Brisbane yake yi, alhali ko sau ɗaya bai taɓa zama a can ba. Dalili shi ne ƙungiyarsa ta gado Fitzroy ce, maƙwabciyar Collingwood, titi ɗaya ne ya raba unguwannin biyu. Talauci ya ci ƙarfinta aka haɗe ta da Brisbane a 1996, magoya bayanta da yawa suka bi ta can da zuciya. Sai ga maƙwabtan unguwa biyu, kowanne ya haura tamanin, an ajiye su taku biyar tsakani suna harare-harare. Wani abin kuma, kocin Collingwood ɗin, Craig McRae, tsohon ɗan wasan Brisbane ne, yana cikin waɗanda suka doke Collingwood a wasan ƙarshe na 2002 da na 2003. Kaka ta ce ta yafe masa, amma da sharaɗi.

Wasan kashi huɗu ne, kowanne minti 20 ban da lokacin da ake tsayar da agogo, don haka yakan kai rabin awa. Nick Daicos, yaro ɗan shekara 20, shi ya buɗe da ci na farko. Ubansa Peter yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin 1990, yayansa Josh kuma yana cikin fili tare da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma wanda ya ɗauke hankalin kowa shi ne Bobby Hill na Collingwood, siririn saurayi ɗan asalin ƙabilun ƙasar na farko, wanda shekara guda kafin nan aka yi masa tiyatar ciwon daji. Akwai doka a wasan: idan aka bugo ƙwallo da ƙafa ta yi tafiyar mita 15 ka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, alƙali zai busa, a ja baya a bar ka ka buga ba mai taɓa ka. Kuma an yarda ka hau bayan mutum wajen cafkar. A kashi na biyu aka ɗago wata ƙwallo sama gaban gidan Brisbane, Hill ya taho a guje ya taka bayan mai tsaronsa, gwiwoyinsa a kafaɗun mutumin, ya cafke ta can sama ya faɗo da ita a ƙirji. Ina riƙe da jug ɗin ruwa a lokacin, ban san sa'ad da na ce "Kai!" da ƙarfi ba, har wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ga ko wani ne ya faɗi. Ƙwallo huɗu ya ci ranar, kuma shi aka ba lambar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe.

An tafi hutun rabin lokaci Collingwood na da 63, Brisbane 57. A kashi na uku ne abin da nake son mai karatu ya gane ya fito fili. Collingwood ta yi ta kai hari tana ɓararwa, babba ɗaya kawai ta ci, ƙanana shida. Duk bugun da ya kauce sai Kaka ta daki hannun kekenta ta ambaci wata shekara. 1970, da suna gaba da maki 44 a rabin lokaci Carlton ta zo ta wuce su. 1977, da aka yi canjaras aka sake wasa North Melbourne ta cinye. 1979, 1980, 1981. Daga 1958 zuwa 1990 sau takwas suna zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, har mutanen gari suka raɗa wa abin suna, suna cewa ciwon karkarwa ne da ke kama Collingwood duk Satumba. Ita tana lissafin asara, ni kuwa ina kallon allo ina ganin ɗai-ɗai ɗin nan suna taruwa. Da yayyafi kogi kan cika. Aka shiga kashin ƙarshe suna gaba da huɗu, 75 da 71, alhali Brisbane ta fi su manya.

Saura kamar minti biyar da rabi Charlie Cameron ya ci wa Brisbane, suka wuce gaba da maki biyu. Dattijon Fitzroy, wanda tun safe ban ji muryarsa ba, ya ɗaga sandarsa sama. Bai gama sauke ta ba aka dawo tsakiya, Collingwood ta fizgi ƙwallo, Jordan De Goey ya narka ta daga wajen mita hamsin ta shige. Jim kaɗan aka yi wa Steele Sidebottom laifi bayan ya cafe, alƙali ya matso da shi gaba mita 50, wanda shi ne babban horo a cikin fili tunda babu kora. Mutumin ya haura shekara 30, kowa na cewa ƙafarsa ba za ta kai ba daga nan. Ta kai. Tazara ta zama goma. Joe Daniher ya rage ta zuwa huɗu saura kamar minti ɗaya da rabi, sannan aka yi abin da mutanen Brisbane za su daɗe suna ƙorafi a kai: an taɗe Lachie Neale na Brisbane, alƙali ya busa, amma saboda ihun mutum dubu ɗari abokin wasansa bai ji ba ya buga ƙwallon gaba a gaggauce, alƙali ya ce a ci gaba, damar ta tafi. A ganina an ƙware su a nan, ko da yake ban faɗa a gaban Kaka ba.

A wannan wasa ba usur ke tashin wasa ba, jiniya ce, kuma 'yan wasa ba sa ganin agogon da ke ƙirga saura. Da ta yi ƙara Kaka ba ta yi ihu ba. Ta kama hannuna ta riƙe gam, hannunta na rawa, ta ce in ƙara sautin talabijin. Ashe jira take a miƙa kofi. Wanda aka zaɓa ya miƙa shi ne Peter Moore, kyaftin ɗin Collingwood a wasan ƙarshe na 1981 da suka faɗi, mutumin da ya yi ta zuwa bakin kofin nan bai taɓa ɗaga shi ba. Wanda zai karɓa kuma ɗansa ne na cikinsa, Darcy Moore, kyaftin ɗin Collingwood a ranar. Uban ya miƙa, ɗan ya rungume shi, a nan ne hawayen Kaka suka zubo kan mayafin ulun. Kofi na 16 ke nan ga Collingwood, ta kamo Carlton da Essendon. Dattijon Fitzroy ya ce in mayar da shi ɗakinsa. Da muka zo wucewa ta gabanta ya sa na tsaya, ya ce mata ƙwallo 13 ta fi 12 ko a makarantar firamare. Ta ce ya je ya faɗa wa allo.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan Turawa ne zalla. A cikin waɗanda suka sa lambar zinare ranar akwai Isaac Quaynor, mai tsaron baya, wanda mahaifinsa mutumin Gana ne. Majak Daw, haifaffen Khartum, ya buga wa North Melbourne, kuma yanzu yaran Sudan ta Kudu sun cika ƙungiyoyi. Bachar Houli, Musulmi ɗan asalin Labanan, ya ɗauki kofi uku da Richmond, a 2017 da 2019 da 2020, kuma da ƙoƙarinsa aka ware ɗakunan ibada a manyan filayen wasan. Na taɓa yin la'asar a na MCG ranar wani wasan tsakiyar kaka, da tikiti ke da araha.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sa gyara a fitowa ta gaba: sunan wasan ƙwallon ƙafar Ostireliya, gasar kuma AFL, mai ƙungiyoyi 18, a 2023 takwas na sama ne suka shiga zagayen ƙarshe a watan Satumba. Ragbi wasa ne daban, shi ya fi ƙarfi a Sidni da Brisbane, kuma nasa wasan ƙarshen washegari Lahadi aka yi, wataƙila nan ne aka samu cakuɗewar. Sakamakon kuma a rubuta shi da lambobinsa uku kamar yadda na nuna a sama. In kuna so, idan sabuwar kaka ta fara a watan Maris zan riƙa aiko muku da ɗan rahoto, ba sai kun biya ni ba. Na nuna wa Kaka hoton shafin naku na fassara mata, ta ce a gaya wa editan da ƙwallaye 90 suka ci da ba ta sha maganin hawan jini sau biyu ba ranar.

Naka mai karatu a kullum,
Bazazzagi mazaunin Melbon, Ostireliya