Ɗalibin da ke karatu a waje ba attajiri ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, don Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan tamu in yi magana da mutanenmu na gida, musamman dangi da abokan waɗanda suka fito karatun digiri na biyu da na uku, da kuma ƙannenmu da kullum saƙonsu ɗaya ne, yaya a nemo min admishan. Ni dai a Malesiya nake, a jihar Selangor da ta kewaye Kuala Lumpur, ina fama da digiri na uku a fannin noma. Mu 'yan Arewa muna da yawa a nan, ka je jami'ar UPM a Serdang ko jami'ar UKM a Bangi ko Jami'ar Musulunci da ke Gombak ranar Juma'a za ka ji Hausa na tashi a bakin masallaci, yawancinmu kuma malaman jami'a ne da na kwalejin ilimi da na foli da aka turo ƙaro karatu, sai 'yan tsiraru masu biya wa kansu.

Na san abin da ke ruɗar mutane, hoto ne. Mutum na sauka zai je gaban tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 ya gyara tsayuwa a ɗauke shi ya sa a Facebook, shikenan a gida an gama lissafi, ai wane ya haye. Babu wanda zai gani a hoton cewa a jirgin ƙasa ya je, ya dawo ɗakin da suke haya su uku ya dafa taliya da ƙwai ɗaya ya kwanta. Daga ranar saƙonni za su fara shigowa, wannan matarsa ta haihu, wancan kuɗin makarantar yara, wani ma waya yake so sabuwa fil a kwali tunda ai can da arha. In ka ce babu a ce ka canza, ka shiga waje ka manta da mutane.

To bari in yi muku lissafin a fili. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take, ringit ɗaya na Malesiya kuma kusan naira 100. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin a je ko'ina a 2024 dala ta haura 1,500, ringit ya haura naira 300. Wanda aka yi wa lissafin tallafin karatunsa da naira a tsohon farashi, ko mai dogaro da albashinsa na gida, ya wayi gari kuɗinsa ya koma kashi ɗaya cikin uku, alhali kuɗin makaranta bai ragu ba, mai gida bai rage haya ba, shinkafa ma ba ta san an yi ba. Na ga magidanta masu furfura, manyan malamai a makarantunsu na gida, sun mayar da iyalinsu Najeriya sun koma raba ɗaki da samari. Wasu sun sayar da fili, wasu mota.

Za ka ce to a nemi aiki mana, kamar yadda ake ji 'yan Ingila na yi. Nan dokar daban take. Ɗalibi ɗan waje ba shi da izinin aiki sai lokacin hutu mai tsawon fiye da kwana 7, awa 20 a sati, shi ma a wasu wurare ƙididdigaggu irin gidan abinci da otal da gidan mai da ƙananan kantuna, kuma sai ka nemi izini tukuna. Mai digiri na uku kuwa wane hutu gare shi? Abin da ke ɗan taimakon wasu shi ne in sufabaizanka, wato malamin da ke duba aikinka, na da kuɗin bincike ya ɗauke ka mataimaki yana ba ka alawus, to wannan rabo ne, ba kowa ke samu ba. Ga biza kuma da ake sabuntawa duk shekara, da inshorar lafiya ta dole, in kana da mata da yara kowa da nasa kuɗin, kuma asibitin gwamnati ma farashin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba.

Shi kansa karatun, mutane na ɗauka aji ake shiga a fito a je yawo. Yawancinmu bincike zalla muke yi, ba wanda zai tashe ka da safe, ba wanda zai ce ina ka shiga, kai da kujerarka ne da kwamfuta da ɗakin gwaje-gwaje. Ni nawa aikin a gidan renon shuka yake, in shiga da sassafe kafin zafi ya taso in auna tsayin kowace shuka da faɗin ganyenta in rubuta, tukunya bayan tukunya, riga ta jiƙe sharkaf don zafin nan mai gumi ne ba irin namu busasshe ba, da la'asar kuma ruwa ya sauko da tsawa kusan kullum a wasu watannin. Ƙwari su shiga su ɓata maka gwajin wata da watanni, a sake daga farko. Sannan ba za a bar ka ka kare kundinka ba sai ka buga maƙala a mujallun ilimi da Scopus, wato rumbun tantance mujallu na duniya, ko makamancinsa ya amince da su, ka tura ka yi ta jira, a dawo maka da ita wai mai dubawa na biyu bai gamsu ba, ka gyara ka sake turawa, wasu mujallun ma sai ka biya dala fiye da dubu kafin su buga. Shekara uku da aka rubuta maka a takardar tallafi sai ta zama huɗu ko biyar, tallafin kuwa a ukun ya tsaya cak. Wannan gejin ne ke karya mutane, kuma a daidai lokacin ne a gida aka fara kiranka dakta ana tambayar yaushe walima.

Kar a ce ƙorafi kawai na zo yi. Wallahi akwai daɗi. Wuta ba ta ɗaukewa, samfurin da ka sa a firiji za ka dawo ka same shi yadda ka bar shi, wanda ya taɓa bincike a gida ya san darajar wannan. Laburare na buɗe maka mujallun duniya daga ɗakinka. Addini kuma ba ka da fargaba, duk kanti babba da gidan mai da tashar jirgi akwai wurin sallah, abinci da tambarin halal a jiki. Su Shafi'iyya ne, suna bayyana bisimilla a sallah suna ƙunutin asuba da ɗaga hannu, sabon zuwa kan ɗan yi turus kwana biyu sai ya saba. Azumi kuma kusan awa 13 ne ko da wane wata ya faɗo, ga kasuwannin buɗa baki da ake kafawa a kowace unguwa, masallatai na raba kunun shinkafa kyauta, ɗalibai ba ma wasa da layin nan.

Abincin ne dai sai a hankali. Komai sai sun sa sukari, har miyar yaji, ga madarar kwakwa a cikin shinkafa. Wata irin gurasa mai suna roti canai da shayin da suke kira teh tarik a shagunan Indiyawa Musulmi su ne gatan ɗalibi, da arha kuma wasu shagunan kwana suke a buɗe. Durian kuwa, ɗan itacen da suke ji da shi, warinsa ya sa an hana shiga da shi jirgin ƙasa da otal da yawa, ni har yau daga nesa muke gaisawa. Shi ya sa duk wanda aka ji zai taho daga gida ya shiga uku da saƙo, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, a ƙulle a leda a rubuta sunan mai shi da biro. Ranar da aka yi tuwon garin shinkafa miyar kuka a ɗakin wani, kamar an yi suna, ba gayyata kowa zai hallara.

Af, kafin in manta, tunda noma nake karanta kullum sai an tambaye ni ko gaskiya ne daga Najeriya Malesiya ta samo kwakwar manja bayan samun 'yanci. Asalin itacen na Yammacin Afirka ne, kuma masu bincikensu sun je Najeriya sun ɗebi iri a shekarun 1970 don inganta nasu, amma gonar kasuwanci ta farko tun 1917 aka kafa ta a Tennamaram, nan cikin Selangor. Aiki suka yi a kai na shekaru, mu muka bar namu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kaɗaici. Tsakaninmu da gida awa 7 ne, lokacin da kuka idar da isha'i kuka zauna hira kuka tuna da mu, mu ƙarfe uku na dare ne. Wayar ta yi ƙara a wannan lokacin gabanka ya faɗi, don rasuwa ma a haka labarinta ke zuwa, kuma ba zuwa jana'iza za ka yi ba, tikitin jirgi ta Doha ko Adis Ababa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai dai ka yi gaisuwa ta WhatsApp ka share hawaye ka tafi auna ganye. Yaro ya fara tafiya a bidiyo ka gani, a yaye shi a bidiyo. Ga kuma neman gidan haya, ka kira a waya a ce akwai ɗaki, kana faɗin ƙasarka a ce an riga an kama. Wasu 'yan damfara daga cikin 'yan ƙasarmu ne suka ɓata mana suna, malami mai iyali shi ke biyan bashin.

Na ji hukumar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma waɗanda ke gamawa su ƙi komawa. Masu guduwar nan gaskiya ba su kyauta ba, kuɗin talakawa aka kashe musu, sun toshe wa na baya hanya. Amma a ra'ayina in za a rufe ƙofa sai a gyara cikin gida, a sa kayan aiki da wuta a ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'inmu, don abin da ya fito da yawancinmu ke nan, ba son ganin bene ba.

Ƙanina mai son tahowa, ban ce kar ka zo ba. Ka yi lissafinka da ringit ba da naira ba, ka ƙara shekara guda a kan abin da aka ce maka, ka nemi ɗaliban sufabaizan da kake so ka tambaye su halinsa da yadda yake duba aiki kafin ka sa hannu, kar ka taho da iyali sai ka zauna ka ga kamun ludayin wurin. Ku kuma na gida, in ɗan uwanku ya ce babu ku yarda babu ɗin ce, in za ku kira ku ɗan duba agogo ku ƙara awa bakwai, hantsinku shi ne yammacinmu.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗalibi daga Selangor, Malesiya