Kafin ka sa wa aksil ɗin gaba loka, ji abin da ya same ni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ɗan fili nake roƙo a jaridarmu in yi magana da 'yan uwana direbobi da masu motocin shiga daji, kan wani abu da na ga yana neman zama yayi a garejoji, wato sa wa aksil ɗin gaba loka, na'urar da ke ɗaure tayar hagu da ta dama su juya tare, abin nan da direbobin tifa suka fi sani da difilok. Yaro zai ga bidiyon Turawan Ostiraliya ko Amurka suna hawa dutse da mota kamar akuya, gobe sai ka ji ya tura kuɗi a kawo masa, bai ma tsaya ya tambayi wace iri ce ta dace da motarsa ba.

Ni direba ne, tsohuwar Land Cruiser fikof gare ni mai injin 1HZ na dizal, ina kwaso masara da wake da dankali daga ƙauyukan kan tsaunin Mambila in fito da su bakin kwalta wajen Nguroje ko Gembu. Wanda ya san wurin nan ya san in damina ta kankama ba ta san wasa ba, kuma jar ƙasar nan in ta sha ruwa sai ta koma kamar an goga mata sabulu, mutum da ƙafarsa ma sai ya yi da gaske balle mota da lodi.

Ga wanda bai sani ba, a cikin tukunyar aksil akwai wasu ƙananan giyoyi da aikinsu shi ne su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in ana shan kwana, don ita ta waje ta fi cin hanya. A kwalta wannan alheri ne. Amma a taɓo shi ne bala'in, don da zarar taya ɗaya ta rasa abin kamawa to ita kaɗai za ta yi ta wulwulawa tana feshin laka, 'yar uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi tana tsaye ƙiƙam ko motsi. Shi ya sa za ka ga mutum ya sa oksilari yana taƙama wai tayoyi huɗu ke ja, alhali biyu ne ke juyawa, ɗaya gaba ɗaya baya, su ma waɗanda ba su da amfani. Loka ita ce ke ɗaure shaf ɗin hagu da na dama su juya tare ko sun so ko sun ƙi. A aksil ɗin baya wannan ba wata babbar magana ba ce. A gaba kuwa tayoyin nan su ne kuma na sitiyari, to nan gizo ke saƙa.

Ni da na tashi saye arha na bi, ba zan ɓoye ba. Wani mai kayan gyara da ba zan kama suna ba ya nuna min 'yar ƙaramar lokar nan mai kulle kanta, irin su Lock-Right da Aussie Locker da Spartan, wadda ake cire ƙananan giyoyin ciki kawai a zura ta a gurbinsu, ba waya ba makunni ba komai, ya ce min Oga wannan ka sa ka manta. Kuma gaskiya duk rani na manta da ita ɗin, saboda motata irin mai hob ce da ake murɗawa da hannu a tsakiyar tayar gaba, in ka buɗe hob ka cire oksilari aksil ɗin gaba barci yake yi, ba ruwansa da tafiya. Farkon damina ma na yi ta sa masa albarka, wani hawa da kullum sai yaran mota sun sauka sun tura, na haye shi ko tari motar ba ta yi ba.

Sai ranar da na zo wata gangara mai karkata, hanyar ta kwanta gefe guda kuma ga kwana a ƙarshenta, ƙasa kwazazzabo ne. Buhu na kan mota, yayyafi na sauka. Na ɗan taka totur na murɗa sitiyari hagu, wallahi motar nan ta ce ba ta san zancen ba, hancinta ya miƙe kuma yana zamewa gefe a hankali a hankali wajen ramin. Abin da ya faru shi ne, da babu loka taya ɗaya ce za ta wulwula ɗayar ta tsaya ta riƙe motar kamar turke, amma yanzu duka biyun suna wulwulawa tare babu mai riƙe wani, kuma ita wannan lokar muddin ƙafarka na kan totur a kulle take, babu maɓallin da zan danna in ce mata ya isa. Yarona da ke bisa kaya ya yi tsalle ya dire yana salati. Allah ya sa akwai wani kututture da ya tare tayar dama. Da na sa ribas in fita, sitiyari na murɗe har ƙarshe, na ba ta wuta, sai na ji ƙas! kamar an fasa kwakwa a ƙarƙashin ƙafata. Shi ke nan gaba ya daina ja.

Washegari da bakanike ya kwance ƙwallon aksil ɗin, gaɓar nan da ake kira Birfield wadda ke ba shaf damar juyawa taya na karkace, ya zuba hannu cikin baƙin giris yana tsamo ƙwallayen ƙarfe ɗai-ɗai yana jefawa a gwangwanin madara, guda shida ne dama, kejin da ke riƙe su kuwa ya tarwatse kamar fasasshen tangaran. Ya ɗago kai ya ce Maigida, ai ba a haɗa uku, loka da ribas da cikakken sitiyari. Kwana uku motar ta yi a dajin, masarar kuwa a kan babura aka yi ta jigilarta buhu-buhu, ribar tafiyar duk ta tafi can.

To daga nan na zauna na yi karatun ta-natsu. Abu na farko da mutum zai duba ba lokar ba ce, motarsa ce. Akwai motocin da kullum tayoyinsu huɗu a haɗe suke ko a kwalta, kamar yawancin Prado da Land Cruiser 80 da 100, su waɗannan ko da wasa kada a sa musu loka mai kulle kanta a gaba, don kullum akwai ƙarfi a aksil ɗin, za ka yi ta kokawa da sitiyari a tsakiyar titi ne har wata rana ta kai ka inda ba ka nufa ba. Masu hob irin tawa su ne ma za a iya cewa da sauƙi, kuma ban ce ba ta da rana gaba ɗaya ba, mai gona a fadama shimfiɗaɗɗiya da ba rami ba karkata zai iya morar ta shekara da shekaru yana jin ɗan ƙas-ƙas ɗinta a kwana ba abin da ya dame shi. Amma mu masu hawa da sauka a gefen tsauni, a'a.

Ku duba ma yadda su Toyota da kansu suka tsara abin a Land Cruiser 80 da suka yi daga 1990 zuwa 1997, waɗanda suka zo da loka daga kamfani. Makunnin murɗawa ne, in ka murɗa sau ɗaya baya ce ke kullewa, sai ka ƙara murɗawa sannan gaba ta biyo, ba yadda za ka kulle gaba ita kaɗai, kuma littafin motar ya ce kada ka wuce gudun kilomita 8 a awa in tana kulle. Kilomita 8 fa, saurin mai sassarfa. Wato su da suka ƙera motar suna ɗaukar lokar gaba abin da za ka kunna na ɗan taƙi ka fita daga rami ka kashe, ba abin da za ka yini da shi ba. Ni a ganina wanda bai sa wa aksil ɗin baya ba ma bai kamata ya fara zancen gaba ba, lodi a baya yake, shaf ɗin baya ya fi kauri kuma miƙaƙƙe ne ba gaɓar da za ta fashe.

Saura zaɓi tsakanin masu makunni. Akwai ta iska, wadda kamfanin ARB na Ostiraliya ya yi suna da ita, kwamfiresa ce ke tura iska ta wani siririn tiyo zuwa cikin tukunyar aksil, kana danna maɓalli ta kama nan take ko mota na tsaye. Akwai ta lantarki irin ta Eaton da Harrop, ita waya biyu ce kawai da maganaɗisu, babu ruwanka da kwamfiresa, sai dai tana son taya ta ɗan juya kafin ta kama, kuma wasu daga cikinsu in ka sauya daga gaba zuwa ribas sukan saki na ɗan lokaci su sake kamawa. Akwai kuma ta kebul irin ta OX da ake ja da hannu. Ni ta iska na ɗauka, dalilina kuwa ba wai ta fi sauran ba ne, kwamfiresar nake kwaɗayi, na sayi 'yar babba wadda ke iya busa taya, don inda nake shiga falkanaiza sai ka yi tafiyar rabin yini. Amma tana da nata rigimar, ba zan yaudari kowa ba, cikin wata na biyu kwamfiresar ta dinga tashi da kanta tana burr burr kowane minti, ashe wajen ɗaurawa an ɗan ƙwarzane robar sil ɗin ciki iska na zurarewa, har warin man giya nake ji a cikin mota, dole aka sake sauke tukunyar gaba ɗaya. Wanda garinsu babu bakaniken da ya iya zaunar da giyar aksil da boris yadda ya kamata, ta lantarkin za ta fi ba shi kwanciyar hankali ta fuskar yoyon iska, amma ita ma zaman giyar nan sai gwani, in aka kuskure shi za ka ji aksil na kuka kamar kura kafin wata uku haƙoran sun cinye.

Masu zuwa kasuwannin kayan gyara na Panteka ko Ƙofar Ruwa ko Ladipo neman tukunyar tokumbo mai lokar Toyota ta asali, ku ƙirga haƙoran giyar kafin ku biya, don rabon juyawar giyar ya bambanta, wasu 4.1 ne wasu 4.3, in gaba da baya suka saɓa to kun haɗa faɗa a cikin motarku. Ku kuma sa a jona wa ɗan injin lantarkin da ke jikinta batir ku ga yana motsi, yawancinsu ruwa ya shiga sun daskare saboda mai motar na farko bai taɓa kunna su ba.

Masu Hilux na zamani kuma, ku tuna gabanku ba sandar aksil ba ce irin ta Land Cruiser fikof, kowace taya da nata shaf ɗin mai robar giris a waje, ya fi sirantaka, in kun ƙara manyan tayoyi kun ɗaga motar sannan kun kulle gaba to ku riƙa yawo da safayar shaf a bayan kujera. Wasu sababbin ma sun zo da lokar baya da na'urar da ke matse birkin tayar da ke wulwulawa, ku fara koyon aiki da abin da kuka riga kuka biya kuɗinsa. 'Yan uwanmu na Agadas masu bin hanyar Dirku da Bilma kuwa na san dariya za su yi mana, su a yashi rage iskar taya suka sani, wanda bai rage ba ko ya kulle duka huɗun rami kawai zai haƙa wa kansa da sauri.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na masu walda. Wai a buɗe tukunyar a narke ƙananan giyoyin nan su zama dunƙule ɗaya, loka ta samu a kuɗin rodi biyu. A gaba fa! Don girman Allah kanikawa ku daina karɓar wannan aikin ko nawa za a ba ku, motar da ke ɗaukar mata da yara ranar kasuwa ce.

Tsohuwar lokar tawa tana nan a gareji cikin gwangwani na zuba mata baƙin mai. Makon jiya wani matashi ya gan ta ya nace sai na sayar masa, har ya zaro kuɗi, na ce ƙanena wace mota za ka sa wa, ya ce Prado ɗin babansa. Na mayar da murfin gwangwanin na tura shi ƙarƙashin benci.

Na gode Edita, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani direba mai karanta ku kullum,
daga Gembu, Jihar Taraba.