Masu dakta a kimiyyar halittu, lokacin neman aikin fosdok yana wuce ku

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan 'yan uwanmu da suka gama digirin dakta a su maikrobayoloji da bayokemistri da ilmin tsirrai. Abin da muka saba gani shi ne mutum na kare kundinsa sai a yi walima a fara ce masa Dakta, kafin ya huta an jibga masa kwasa-kwasai da ɗalibai aji maƙil, toh daga nan bincike sai dai labari, makin ɗin takardun jarrabawa kawai.

Alhali a wasu ƙasashen daga dakta aikin fosdok ake shiga, aiki ne na albashi, yawanci shekara biyu ko uku a lab ɗin wani farfesa, kana bincike kana buga takardu. Kuma abin da mutanenmu ba su lura da shi ba, yana da wa'adi. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa aka yi shi, wata 6 zuwa 24, amma matakin fosdok ɗinsa sai wanda bai wuce shekara 4 da gama dakta ba. Na Marie Curie na Tarayyar Turai kuma sai wanda bai wuce shekara 8 da gama dakta ba, a Satumba aka saba rufewa, kuma dukkansu biyun sai ka fara samun farfesan da ya yarda zai karɓe ka, wato imel za ka rubuta masa da kanka ka nuna ka karanta aikinsa, ba wai a tura wa mutum ɗari wasiƙa iri ɗaya ba, wallahi suna ganewa. A Amurka ma'aunin albashin da hukumar binciken lafiya ta NIH ta sa wa sabon fosdok a 2024 dala 61,008 ne a shekara, kafin wani ya buga lissafi da naira ya fara tambayar kuɗin haya a Boston tukuna.

Ba ma dole sai Turai ba. Ga cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta ACEGID a jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, inda Farfesa Christian Happi da mutanensa suka tabbatar da ɓullar Ebola a Najeriya a 2014, ga cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta WACCBIP a jami'ar Gana, ga cibiyar binciken noma ta IITA da ke aikin wake a nan Kano, duk wuraren da ya kamata a riƙa leƙa shafinsu ne.

Roƙona biyu ne, jaridarku ta ware ɗan gurbi duk mako tana sa irin waɗannan tallace-tallace da ranar rufewarsu, su kuma shugabannin sashe su daina riƙe matasan malamai da cewa babu mai ɗaukar kwas ɗinsu, a sa musu hannu a takardar hutu su tafi tun shekara huɗun ba ta cika ba.

Naku,
Wani malamin bayoloji, daga Kano