Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yar'uwar da ke tambayar ina gādonta

'Yar'uwa cikin Almasihu,

Muna gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Kin yi mana tambaya a bainar jama'a: in mai bi magajin Allah ne, kamar yadda Romawa 8:17 ta faɗa, me ya sa ciwo da rashi suka ƙi rabuwa da ke, ko bangaskiyarki ce ta gaza?

Kada ki ɗora wa bangaskiyarki laifi. Gādon nan ba a miƙa shi gaba ɗaya. Gafarar zunubi, zama 'yar Allah da Ruhu Mai Tsarki sun riga sun shigo hannunki. A Afisawa 1:14 Bulus ya kira Ruhun da wata kalmar ciniki ta Helenanci, wadda mu za mu ce kafin alƙalami, wato abin da mai saye ke fara bayarwa don a san ciniki ya faɗa, cikon na tafe. Fansar jikinmu tana cikin cikon, har yanzu jiranta muke yi (Romawa 8:23).

Dubi Ibrahim. Yana da shekara 75 ya bar Haran, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Ƙasa sukutum aka yi masa alkawari, amma ranar da Saratu ta rasu, sai da ya auna shekel 400 na azurfa (shekel ma'aunin nauyi ne) a gaban Hittiyawa ya sayi filin da kogon Makfela yake, don ya sami inda zai binne matarsa.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne a tsinci aya ba a duba wa aka faɗa wa ba. Mutane da yawa sun haddace Irmiya 29:11, inda Allah ya yi alkawarin salama da kyakkyawar makoma, amma aya ta 10 ta nuna da Yahudawan da aka kai bauta Babila ake magana, kuma alkawarin ba zai tabbata ba sai shekara 70 ta cika. Don haka kowane alkawari kika karanta, koma baya kaɗan ki ga mai shi da lokacinsa, ki kuma duba ko da sharaɗi. Gafarar da ke 1 Yahaya 1:9, alal misali, tana tafiya da furta zunubi. Ita kanta ayar da kika kawo ta ci gaba da zancen shan wuya tare da Almasihu, kuma abin yana mana ciwo yadda wasu masu wa'azi ke tsallake wannan rabin.

Bulus ma sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, Ubangiji ya ce masa alherinsa ya ishe shi.

Ki ci gaba da roƙon warkewa. Ki kira dattawan ikkilisiya su yi miki addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ta umarta, kuma kada ki ajiye maganin da likita ya rubuta miki.

'Yan'uwanki cikin Ubangiji